Kalmar "hit" ta Turanci: a ina ta taɓa rikita ku?

Malamin ajin dare, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da Turanci a ajin manya. Ɗalibaina 'yan kasuwa ne da teloli da direbobi, masu zuwa aji bayan isha'i da gajiyar yini a jikinsu. Makon jiya wani dattijo a cikinsu ya miƙo mini wayarsa, fuskarsa ba walwala. Ɗansa da ke karatu a waje ya rubuto masa cewa kwana biyu ba za a ji shi ba, saboda "I have to hit the books". Dattijon ya duba ƙamus, ya ga "hit" na nufin duka, ya kwana yana saƙe-saƙe ko karatun ne ya fi ƙarfin yaron har ya fara huce haushi a kan littattafai. Na ce masa Baba kwantar da hankalinka, cewa yake zai duƙufa ga karatu saboda jarrabawa. Ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce, "To Malam, me ya kawo duka a ciki?"

Amsar da na ba shi ba ta gamsar da ni ba. Ina son in haɗa darasi guda a kan kalmar nan, kuma ba misalan littafi nake nema ba. Duk wanda ta taɓa rikita shi, ko ta jawo masa matsala a wurin aiki, don Allah ya ba mu labari yadda abin ya faru.

Direban tasi, New York

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Damagaram ne, bokon Faransanci na yi, Turanci kuwa a bakin fasinja na tsince shi. A watana na farko wani ya shigo da jakunkuna zai je filin jirgi, ya ce "let's hit the road". Wannan na gane da hannun da ya kaɗa, wato mu kama hanya. Amma da muka doshi gada ya ce "we're going to hit traffic", sai gabana ya faɗi, na ɗauka hatsari yake hango mana. Na rage gudu sosai, na riƙe sitiyari da hannu biyu. Ashe cunkoso yake cewa za mu tarar.

A mota kalmar nan ba ta ƙarewa. "Hit the brakes" taka birki, "hit the gas" taka totur. Wadda nake roƙon ku koya wa direbobin ajinku da kyau ita ce "hit and run", wato ka kaɗe mutum ko ka gogi motar wani ka ƙara gaba. A nan ko motar da aka ajiye ka goga ka tafi ba ka tsaya ba, laifi ne, kuma lasin ɗinka na iya shiga matsala. Na ga ɗan'uwanmu da hakan ta raba shi da sana'arsa.

Masu Faransanci ma suna da irinta, "coup". Asalinta bugu ne, amma da ita ake cewa kiran waya, da taimako, da juyin mulki.

Ɗalibar jinya, Ingila

Malam, a ja kunnen 'yan mata kan ɗan ƙaramin abin da ke bin bayan kalmar. Wata abokiyar karatuna ta ja ni gefe ta ce wani a ajinmu "is hitting on you". Na ce mata bai taɓa ko taɓa ni ba. Ta ce ba duka take nufi ba, nemana yake yi, duk wannan kawo mini shayi da tambayar inda nake kwana ba banza ba ne. Daga ranar na ja jikina. Amma "hit it off" abu ne mai kyau, wato jininku ya haɗu tun ganin farko. "On" da "off" ne suka raba su.

Ma'aikaciyar asibiti, Maiduguri

Tawa ba ta daɗi ba ce, amma zan faɗa don wani ya tsira daga irinta. A 2017 ina aiki a wani ƙaramin asibiti a sansanin 'yan gudun hijira, tare da wata likita Baturiya, ni ce nake mata tafinta. Wata mata ta kawo 'yarta, ba ta fi shekara uku ba, tana ta amai, ga barci ya ƙi sakinta. Likitar ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta haska, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Did she hit her head?"

Ni kuma na juya ga uwar na ce, "Kin dake ta a ka?"

Har yau ina ganin fuskar matar nan. Ta janye 'yarta ta manna a ƙirji, ta fara rantsuwa, hawaye na zuba. Matar da ta goyo yarinyar nan tun daga ƙauyensu a ƙafa, ni na tsaya ina tuhumarta da dukanta. Kakar yarinyar ta miƙe ta ce su tafi. Likitar ta ga abin ya ɓaci, sai ta kwatanta da jikinta: ta yi kamar ta faɗi, ta dafa goshi. Nan na gane yarinyar ake nufi, ba uwar ba. Tambayar ita ce ko ta faɗi kanta ya bugu da wani abu. Da na gyara, uwar ta ce e, jiya da yamma ta suɓuce daga bayan yayarta, kanta ya sami dutsen murhu. Amai da yawan barci bayan faɗuwa alamar rauni ne a cikin kai, nan take aka tura su babban asibiti.

Na ba matar haƙuri har sau uku. Tun daga ranar, in Bature ya ce "hit", sai na tabbatar wa ya bugi wa, kuma da gangan ne ko tsautsayi, kafin in buɗe baki. Turancin bai bambanta ba. Mu kuwa "ta dake ta" daban, "ta bugu" daban.

Tsohon tafintan kotu

Hajiya, Allah ya ba ki ladan wannan gaskiya da kika faɗa. Abin da kika gani rana ɗaya shi na yi shekaru ina fama da shi. A kotun majistare da babbar kotu da Turanci ake rubuta shari'a, alhali yawancin masu ƙara da shaidu Hausa suke ji. Duk abin da ya fito daga bakin tafinta shi ke shiga takarda.

Bahaushe ba ya cewa an buge shi ya yi shiru. Zai ce an mare shi, ko an naushe shi, ko an mangare shi a ƙeya, ko an ranƙwashe shi, ko an haure shi, ko an tsala masa bulala, ko an ƙwala masa sanda, ko an lakaɗa masa duka. Kowace kalma tana gaya maka da me aka yi, a ina ya sauka, da irin ƙarfinsa. Ranƙwashi na yaro ne. Mari cin mutunci ne kafin ya zama ciwo. Tafinta mai gaggawa sai ya tattara duka waɗannan ya ce "he hit me", rabin shaidar ta zube a ƙasa.

Akwai shari'ar da ba na mantawa. Maƙwabta biyu ne suka yi rigima a kan magudanar ruwa. Lauya ya tambayi wanda ake ƙara, "Did you hit him?" Na ce masa, "Ka dake shi?" Ya ce wallahi bai dake shi ba. Aka rubuta. Can shaida ya zo ya ce a gabansa ya mare shi. Lauyan ya miƙe ya ce to ga shi, mutumin nan ya yi ƙarya bayan rantsuwa. Mutumin ya dube ni, ba alƙali ba, ya ce, "Malam, duka ka tambaye ni. Ni mari na yi, sau ɗaya." A wurinsa duka shi ne a kama mutum a jibge shi. Bai yi ƙarya ba, tambayata ya amsa.

Na nemi izinin kotu na yi bayani cewa kalmar Turancin ta haɗa mari da naushi da duka, tawa kuma ba ta haɗa ba. Alƙalin mai fahimta ne, ya sa aka sake tambayar. Daga nan na canza salo. In lauya ya ce "hit", sai in ce, "Hannunka ko wani abu da ka riƙe ya sauka a jikinsa? Ta yaya?" Ya fi tsawo, lauyoyi kan ƙosa, amma ban sake jefa kowa cikin wannan hali ba.

Ɗalibin nazarin harshe, Zariya

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ɗan gyara. Kada ɗaliban Malam su ɗauka Turanci ba shi da kalmomin. Akwai "slap" na mari, "punch" na naushi, "kick" na hauri, "whip" na bulala. Lauyan ne ya zaɓi mai faɗi, wataƙila ma da gangan, don ta kama komai.

Game da tambayar dattijon ajinku kuwa, Malam, akwai amsa. Kalmar ba ta fara da duka ba. Turanci ya aro ta ne daga harshen mutanen Skandinebiya, 'yan Viking da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9. A harshensu "hitta" na nufin ka tarar da abu, ka ci karo da shi. Ma'anar duka daga baya ta zo, tunda abin da ka jefa in ya sami inda ka nufa, ya same shi ke nan. Shi ya sa direbanmu ya "hit traffic", wato ya tarar da cunkoso, shi ya sa ake cewa "hit on an idea" in dabara ta faɗo wa mutum. Ka ce wa dattijon ajinku "sama" ko "tarar" ya fi kusa da zuciyar kalmar fiye da "doka".

Sannan ba ta canzawa da lokaci. Jiya "hit", yau "hit", kamar "put" da "cut". Babu "hitted".

Mai fassara labarai a gidan rediyo

Wannan bayani ya warware mini abin da nake yi kullum ban san dalilinsa ba. A ɗakin labarai kusan kowace safiya sai kalmar ta zo mana, don masu rubuta kanu suna son ta saboda gajartarta, haruffa uku kacal. Kuma da wuya in fassara ta da duka. A Fabrairun 2024 da dala ta haura naira 1,500, "hits" ɗin kanun labarai "ta kai" ne kawai. A Satumbar shekarar da madatsar Alau ta ɓalle, "flood hits Maiduguri" muka ce ambaliya ta afka wa Maiduguri. "Hardest hit" su ne waɗanda abin ya fi shafa. Ɗan siyasa in ya "hit back", martani ya mayar, bai ɗaga hannu ba. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa rubuta mini cewa gwamna ya rama duka, na tare takardar kafin ta shiga situdiyo. Da ta fita, da gari ya ɗauka an ba hammata iska.

Mai gyaran waya

Namu na kasuwa: "hit send" danna tura. "Hit me up" neme ni a waya. Waƙa in ta zama "hit", ta yi tashe ke nan.

Dattijo mai sayar da shadda, Kano

'Ya'yana, na karanta duka, na ƙaru. Amma ina mamakin masu mamaki. Ku dubi "buga" tamu. Muna buga waya, mu buga ƙwallo, mu buga jarida, mu buga hatimi, mu buga sammako, mu buga misali. Mai neman abinci yana buga-buga. Zuciya tana bugawa. Wanda ya sha giya ya bugu. Wanda ya fita neman wani abu sai ya buge da wani. A cikin duk waɗannan, wanda na san ana ɗaga hannu a sauke da gaske shi ne bugun shadda. Ku je wajen masu bugu a Ƙofar Mata ku ga yadda suke jera yadi a kan gungume suna sauke masa tabarya bi da bi har ya yi ƙyalli.

Wani baƙo mai koyon Hausa ya taɓa zama a shagona, na ce masa gobe ya buga mini waya. Ya dubi wayarsa, ya dube ni. Abin da ya sami dattijon ajinku shi ya same shi. Malam, ka fara darasin da "buga", ka sa su lissafo da bakinsu. In sun ga nasu, na Bature ba zai ba su tsoro ba. Kada ma a je ga "ci", wannan sai a kwana.

Malamin ajin dare, Kano

Na gode Baba, haka zan yi ranar Alhamis. Kuma gaskiya ne abin yana tafiya ta ɓangare biyu: ɗalibaina kan ce "rain beat me" don ruwa ya dake su, ko "I hit ball" don sun buga ƙwallo, alhali Bature "play" yake cewa. Baba tafinta da Hajiya ta Maiduguri, ina neman izininku in karanta labaranku a aji yadda kuka rubuta su.

Ɗalibar jinya, Ingila

Malam, akwai guda da ban faɗa ba ɗazu. Bara mahaifina ya rasu ina nan, ban samu jana'iza ba. Na yi kuka kwana biyu na koma aiki, har ina mamakin kaina. Wata babbar ma'aikaciya a sashenmu, ta kusa sa'ar mahaifiyata, ta riƙe hannuna ta ce, "It will hit you later." Na gyaɗa kai kawai, ban gane ba.

Bayan wata uku, wata Juma'a na fito daga aiki, na ciro waya kamar yadda na saba, don duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake kiransa. Har na danna sunansa. A tashar bas na zauna, mota uku suka wuce ni ban iya tashi ba. Da na kira Umma da daddare na gaya mata, cewa ta yi, "Yau mutuwar ta dake ki." Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu baki ɗaya.