Wane suna za mu ba MetaPost da danginsa da Hausa?

Assalamu alaikum malamai. Wata kalma ce ta tsaya mini, na ce bari in kawo ta gabanku. Ina haɗa ɗan littafin lissafin siffofi da Hausa don 'yan ƙaramar sakandare. Shafukan da LaTeX nake shirya su, wato manhajar tsara rubutu don bugawa, zane-zanen kuma da MetaPost, wanda ake rubuta wa umarni ya fitar da zane. Da na zo gabatarwa zan faɗi yadda aka yi zanen, sai alƙalami ya cije. Turawa suna cewa "graphics language". Mu fa?

Bari ku ga abin tukuna kafin a raɗa masa suna. Ga abin da na rubuta daren jiya:

z1=(0,0); z2=(4cm,0); z3=(1cm,3cm);
draw z1--z2--z3--cycle;
z4=1/2[z1,z2];
draw z3--z4;

Layin farko ya ajiye ɗigo uku, kowanne a mazauninsa. Na biyu ya ce a haɗa su a rufe, alwatika ke nan. Na uku ya ce z4 yana rabin hanya tsakanin z1 da z2. Ban auna ba, ban ce santimita biyu ba, ban ma taɓa linzamin kwamfuta ba. Gobe in na matsar da z2, z4 zai bi shi da kansa, layin da ya sauko daga sama ma ya gyara zama.

Abin da ya kai ni ga wannan hanya, takaici ne. A da da hannu nake zana siffofi a wata manhaja in liƙa su cikin rubutu. Na taɓa kai takardun jarrabawa wata maɗaba'a, da aka bugo sai ga haruffan cikin zane daban, na cikin tambaya daban, kuma duk inda na sa "faɗi" ko "ƙasa" a jikin zanen, harafin mai ƙugiya ya ɓace, wani ɗan akwati ya maye gurbinsa. Yara suka yi ta ɗaga hannu suna tambaya. A MetaPost ana iya bi da rubutun da ke jikin zane ta hannun TeX, wato tushen da aka gina LaTeX a kansa, don haka da harafin da aka buga shafi da shi ake buga shi.

Asalin abin daga Donald Knuth ne na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya fito da TeX a 1978, ya kuma ƙirƙiri METAFONT don zana haruffa da lissafi. Ɗalibinsa John Hobby ne ya ɗauki wannan harshe ya juya shi zuwa zana siffofi, ya zama MetaPost. A danginsa akwai pic na Brian Kernighan da ya girme shi, akwai Asymptote daga Jami'ar Alberta a Kanada, akwai TikZ na Till Tantau a Jamus, wanda masu LaTeX da yawa ke riƙe da shi yau. Mu ma abin ya shafe mu: da METAFONT Jörg Knappen ya zana haruffan harsunan Afirka don TeX, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ke nan suna nake nema wa dangin gaba ɗaya.

Na ga shawarwari sun fara shigowa, Allah ya saka da alheri.

Ɗan'uwa da ya ce "manhajar zane", sunan yana da mai shi. Ka shiga kowane shagon buga katin biki ka ce manhajar zane, CorelDRAW za a buɗe maka. Shi kansa TikZ, cikakken sunansa da Jamusanci cewa yake yi shi ba manhajar zane ba ne. "Harshen hoto" kuma ban karɓa ba, don hoto abin da kyamara ta ɗauka ne, in ka ƙara masa girma sai ya dushe. Zanen MetaPost kuwa ka mayar da shi girman allon aji, layinsa yana nan siriri tsaf.

"Harshen zane" shi na yi mako guda ina amfani da shi. Na bar shi ne ranar da na faɗe shi a aji, wata ɗaliba ta ce, "Malam, irin alamomin bakin titi ke nan?" Gaskiyarta. Kunnen Bahaushe zai ji harshen da ake magana a cikinsa da zane-zane, alhali nan da kalmomi ake magana, zane ya fito.

Malama, shawararki ta "zanen shifta" ta kwana a raina. Duk wanda ya yi firamare ya san shifta, malami yana faɗa, ɗalibi yana rubutawa, kuma rabin aikin haka yake. Inda ta gaza shi ne, mai ɗaukar shifta ba ya ƙara komai daga kansa. Dubi wannan:

z5=1/2[z2,z3];
z6=whatever[z3,z4]=whatever[z1,z5];

Na ce masa z6 yana wani wuri a kan wannan layi, yana kuma wani wuri a kan wancan. Ban faɗi wurin ba. Shi zai warware lissafin ya gano mahaɗar. Haka in na sa ɗigo biyu ".." a maimakon "--", shi zai zaɓi lanƙwasa mai santsi da za ta ratsa ta wuraren da na ambata. Siffanta masa abin nake yi, yana fitar da shi.

Sai ga Baba Malam ya ajiye kalma ɗaya tak: zayyana. Allah ya gafarta Malam, ka gama magana. Kalmar nan tana da fuska biyu, kuma duka biyun muke buƙata. Akwai zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, layuka da siffofi da aka tsara bisa awo da tawada kala-kala. Akwai kuma wadda muke yi kullum da baki: "ya zayyana masa yadda abin ya faru", wato ya jero bayani dalla-dalla bai bar komai ba. Mai aiki da MetaPost yana zayyana siffa da kalmomi, sai zayyana ta bayyana a takarda. Ban san wata kalma da ta ɗauki aikin da sakamakonsa a tare kamar wannan ba.

Na ji ƙorafin cewa zayyana ado ce, alwatikar lissafi kuwa ba ado ba ce. Ƙorafi ne mai nauyi. Amsata ita ce ba siffar za mu kira zayyana ba. A ƙarƙashinta "Zane na 1" zan ci gaba da rubutawa, don yara sun saba da shi. Harshen ne zai ɗauki sunan, da aikin. Na kuma zaɓi "harshe" a kan "yare", don shi muke sa wa a rubutun ilimi.

Ga yadda jimlar za ta shiga gabatarwa: "An zayyana dukkan zane-zanen littafin nan da MetaPost, ɗaya daga cikin harsunan zayyana." Fayil ɗin da ke ɗauke da umarnin kuma, rubutun zayyana.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku taimaka ku faɗa mini ko a wajenku ma ana cewa mutum ya zayyana magana. Littafin zai shiga maɗaba'a bayan hutu, ina so in ji daga gare ku kafin nan.