Shin Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa hana yaƙi kuwa?

Ɗalibi, Tahoua:
Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. An koya mana cewa an kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 domin a daina warware rigingimu da bindiga, amma ga Rasha da Ukraine suna gwabzawa tun 2022. Akwai inda ta taɓa raba ƙasashe biyu kafin jini ya zuba?

Tsohon malamin tarihi, Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba sai ka je nesa ba, amsarka tana kusa da Gaya. Tun farkon ƴancin kai Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suke jayayya a kan tsibirin Lete, kuma a ƙarshen 1963 lamarin ya yi tsami har aka rufe iyaka. A 2001 ƙasashen biyu suka amince su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague, wadda reshe ce ta Majalisar. Alƙalai suka binciki takardun Turawan mulkin mallaka, suka ce iyakar tana bin hanyar jiragen ruwa mafi zurfi a kogin Kwara. Ranar 12 ga Yuli 2005 aka ba Nijar tsibirai 16, har da Lete, aka ba Benin 9, kuma babu wanda ya harba harsashi. Haka aka yi mana da Burkina Faso a 2013.

Ƴar kasuwa, Tahoua:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina ganin wannan shari'ar ta yiwu ne saboda ƙasashen biyu ba wadda ta fi ƙarfin ƴar'uwarta. A Kwamitin Sulhu ƙasashe biyar ne ke da ikon hawa kujerar na ƙi, kuma Rasha tana cikinsu, to wa zai tsawata mata? Shi ne kuma kwamitin da ya ba da izinin amfani da ƙarfi a Libiya a 2011, makaman da suka watsu daga can mu muka ga bayansu.

Tsohon malamin tarihi, Yamai:
Gaskiyarki, Hajiya, kotun ba ta da soja, kuma ba ta yanke hukunci sai a kan ƙasar da ta amince da hurumin kotun. Sai dai ƙarfi ba ya hana biyayya kullum, domin Libiyar Gaddafi ta yi shekaru tana yaƙi da Cadi a kan zirin Aouzou, amma da hukunci ya fito a 1994 ta kwashe sojojinta a gaban masu sa ido na Majalisar.