Shin Yanis Varoufakis ne ya jefa Girka cikin rikicin 2015?

Abdulhadi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana tattalin arziki game da Yanis Varoufakis, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗin Girka daga ƙarshen Janairu zuwa 6 ga Yuli, 2015. A zamaninsa aka rufe bankuna, kuma ƙasar ta kasa biyan Asusun Ba da Lamuni na Duniya bashin da wa'adinsa ya cika a 30 ga Yuni. Shin shi ya janyo wannan, ko kuwa ɓarna ya tarar?

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam, Malam Abdulhadi. Lokacin da jam'iyyar Syriza ta Alexis Tsipras ta ci zaɓen 25 ga Janairu, ya zama firaminista, tattalin arzikin Girka ya riga ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tun daga 2008, kuma rashin aikin yi ya kai kimanin kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ƙasar da ke amfani da yuro ba ta buga kuɗinta, saboda haka ministan kuɗinta ba shi da iko a kan abin da ke riƙe da bankunanta. A farkon Fabrairu, Babban Bankin Turai ya daina karɓar takardun bashin gwamnatin Girka a matsayin jingina, bankunan suka koma dogaro da lamunin gaggawa. Da aka sanar da ƙuri'ar raba-gardama kan sharuɗɗan masu bin Girka bashi, bankin ya ƙi ƙara wannan lamuni a 28 ga Yuni, washegari aka wayi gari da bankuna a rufe, mutum ba ya iya cire fiye da yuro 60 a rana, tsofaffi masu fansho da ba su da katin cire kuɗi suna jeren layi a ƙofar rassa. A ganina, wanda ke riƙe da famfon ruwa ya fi ministan ƙarfi.

Hajiya Rabi:
Malam Tukur, ban musanta bayaninka ba, amma ka sassauta masa da yawa. Wanda ya san ba shi da ƙarfi bai kamata ya shafe watanni yana jayayya da masu bin ƙasarsa bashi ba, alhali jama'a suna ta kwashe ajiyarsu daga bankuna saboda fargaba. Dangantakarsa da takwarorinsa, musamman Wolfgang Schäuble na Jamus, ta yi tsami har sai da Tsipras ya ɗora wani ministan gwamnatinsa, Euclid Tsakalotos, a kan tawagar tattaunawa a watan Afrilu.

Malam Tukur:
Ranki ya daɗe, salon nasa ya ɓata masa, wannan gaskiya ne. Sai dai hujjarsa, wato cewa Girka ba za ta iya biyan bashin ba sai an sassauta shi, Asusun Ba da Lamunin ma ya faɗe ta a rahotonsa na farkon Yuli. A 5 ga Yuli kimanin kashi 61 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi sharuɗɗan masu bin bashi, washegari Varoufakis ya yi murabus, sannan bayan mako guda Tsipras ya amince da sabon shiri na lamunin da ya kai yuro biliyan 86, bisa sharuɗɗa masu tsanani. Varoufakis yana cikin 'yan majalisar da suka jefa ƙuri'ar ƙin amincewa da matakan farko na wannan shiri.