Bugun zuciyata yana haura 190 in ina gudu, kuma ba ya saurin sauka

Mai Sassarfa:
Assalamu alaikum. Shekaruna 18, na fara gudun dogon zango bara. Ko sassarfa nake yi, agogon hannuna sai ya nuna 185 zuwa 192. Abokaina suna tafe suna hira, ni kuwa sai haki. In na tsaya, bayan minti biyu yana nan wajen 170, ina jin sa dif-dif a wuyana har sai na nemi wuri na zauna. Da safe kafin in tashi daga shimfiɗa yakan kai 84, alhali da can 66 ne. Kusan kullum nake fita. Ciwon zuciya ne wannan ko rashin sabo? Abin ya tsaya mini a rai.

Tsohon Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara tantance agogon tukuna, don na hannu wani lokaci yakan ruɗe ya ƙirga takun ƙafa a madadin bugun zuciya. Da ka tsaya, ɗora yatsu biyu a gefen wuya, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu.

Lissafin da aka saba na iyakar bugun zuciya a minti ɗaya, 220 a cire shekaru, ya ba ka 202, amma kintace ne kawai, kowa da nasa. Ni 190 ɗin bai dame ni kamar 84 na safe ba. Jikin da bai huta ba ne yake haka, ko mai ƙarancin ruwa da barci. Rage sauri har ka iya magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba, ko da abokan za su bar ka a baya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yallaɓai, na yarda da batun hutu, amma kada a tsaya nan. Ƙanena, ka yi zazzaɓi ko mura mai tsanani kwanan nan? Ƙwayar cuta takan kumbura tsokar zuciya, kuma gudu a wannan hali yana da haɗari ƙwarai. Ƙarancin jini ma yakan sa zuciya ta ƙara sauri don ta kai iskar da jiki ke bukata, haka nan idan ƙwayar maƙogwaro, wato tayirod, ta yi aiki fiye da kima. A gwajin asibiti, in bugun bai sauka da fiye da 12 a minti na farko bayan an daina motsa jiki ba, ana sa ido a kai.

Mai Sassarfa:
Na gode, Anti. Eh, na yi zazzaɓi watan jiya, yana sauka na koma fili. Ina kuma shan lemon ƙarin kuzari kafin in fita. Ban taɓa suma ba, sai dai jiri in ina hawa tudu.

Ma'aikaciyar Jinya:
To ajiye gudun da lemon nan, akwai kafeyin a ciki, sinadarin da kan ƙara wa zuciya sauri. Je ka ga likita a wannan makon, ka faɗa masa zazzaɓin da jirin, a yi maka gwajin jini da na zuciya, ECG. Tambayi iyayenka ko akwai wanda ya rasu farat ɗaya yana matashi a dangi, likita zai so ya sani. In ƙirji ya yi ciwo, ko ka suma, ko zuciyar ta hau tsere kana zaune, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.