Shawarwari kan ƙarancin motsa jiki a birnin Kano

A tattaunawar da aka yi kan abubuwan da ke hana mazauna birni motsa jiki, an fi daɗewa a kan rashin fili, domin filayen unguwa da dama da yara ke buga ƙwallo a cikinsu sun koma shaguna. Aka ba da shawarar makarantun firamare su riƙa buɗe filayensu bayan la'asar, wanda a ganina shi ne mafi sauƙin aiwatarwa. Mata kuwa, kunya ce ke tauye su, sai a ware musu lokaci a wuri mai katanga. Saboda zafin bazara, an zaɓi tattaki bayan sallar asuba, har a cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi.