Wane suna za mu ba famfon da ke matse baƙin mai?

Mai garaji, Tawa:
Salamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina so mu tsai da suna ɗaya na Hausa ga famfon da takardun Faransanci ke kira pompe à huile haute pression, wanda ke cikin injin Caterpillar 3126, C7 da C9, da wasu manyan motocin International, da Ford mai injin 7.3. Dalili kuwa, in ka buga waya kasuwar Katako a Yamai ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ka ce a aiko maka famfon mai, Allah kaɗai ya san abin da za a sauke maka a tasha. A bakinmu gazuwal mai ne, na cikin inji ma mai ne. Kuɗin aike ya tafi, motar mutum na jibge a garaji, ga shi an kawo abin da ba shi ba.

Ga wanda bai taɓa kwance shi ba: tsofaffin Mercedes da Renault da muka saba da su, famfonsu gazuwal yake matsawa kai tsaye. Wannan kuwa tsari ne da Caterpillar da Navistar suka fito da shi a shekarun 1990, kuma famfon ba ruwansa da gazuwal. Baƙin mai yake ja, ya matse shi, ya tura shi kan anjekta, wato abin da ke fesa gazuwal cikin inji. Cikin anjektar akwai ɗan fistan da man ke dannawa, shi kuma ya danna gazuwal da ƙarfin da ya ninka wajen sau bakwai. A injin 7.3 sai matsin baƙin man ya kai kusan bar 35 (bar ma'aunin matsi ne) kafin inji ya yarda ya tashi, in an ɗora kaya kuma yakan kai wajen bar 200.

Yaron garaji, Ƙonni:
Maigida, mu nan famfon anjeksiyo muke ce masa, tunda shi ke sa anjekta aiki.

Mai garaji, Tawa:
A'a ɗana, wannan sunan yana da mai shi. Duk mai shagon da ya ji anjeksiyo, famfon gazuwal irin na Bosch zai ɗauko maka.

Malamin makaranta, Yamai:
Alhaji, me zai hana a ce zuciyar inji? Yana harba mai kamar yadda zuciya ke harba jini, kuma kowa zai riƙe sunan.

Tsohon makanike, Madawa:
Malam, sunan yana da daɗi, amma in akwai wanda ya cancanci a kira shi zuciya, to famfon ƙasa ne mai zagaya baƙin mai cikin inji, wanda matsinsa bai wuce 'yan bar kaɗan ba. Shi ke ma shayar da wannan da muke magana a kai. Ni ina son sunan da zai koya wa yaro inda zai duba. Ciwon wannan famfo sananne ne: da safe mota ta tashi lafiya lau, a yi tafiya, a kashe ta a shingen jandarma, sai ta ƙi tashi har inji ya huce. Man ya yi zafi, ya tsinke, yana sulalewa ta robobin da suka bushe ko fistan da suka cinye, matsi bai kai ba. Sau da yawa ma famfon lafiyarsa ƙalau, robar anjekta ce ko bawul mai daidaita matsi. Yaron da ya ji kalmar matsi cikin sunan, zai ɗaura ma'auni tukuna kafin ya kama sifana. Saboda haka na ce famfon matsi.

Kuma tunda ana maganar gyara: in kun buɗe kun ga ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli cikin man, kada ku sa sabon famfo sai an wanke hanyoyin mai sarai an duba anjekta duka. Ƙurar hunturu da jinkirin juyen mai su ke kashe shi a ƙasar nan. Na hannu da ke zuwa daga Kwatano, a buɗe a ga faifan da fistan ke gudu a kai, in ya yi zane a bar shi.

Mai sayar da kayan mota, Yamai:
Baba, na yarda da matsi, sai dai sabbin motoci irin na common rail, masu tara gazuwal da matsi cikin bututu ɗaya mai raba wa anjekta, su ma suna da famfo mai matsi, na gazuwal. In an ce famfon matsi kawai, rikicin zai dawo shagona.

Mai garaji, Tawa:
Gaskiyarka. To ga yadda na ga ya dace, in ba mai ja. Na ƙasa mai zagaya mai: famfon baƙin mai. Na gazuwal: famfon gazuwal, in na sabbin motoci ne a ce famfon matsin gazuwal. Wannan namu kuwa famfon matsin baƙin mai. Ya ɗan yi tsawo, amma cikin garaji ana iya yanke shi a ce famfon matsi. A waya da takardar oda a faɗe shi cikakke, a haɗa da lambar da ke jikinsa da lambar inji, don na 3126 ba lallai ya hau C9 ba.

Tsohon makanike, Madawa:
Na amince. Masu zuwa Sakkwato ta Illela su gwada shi a shagunan can, mu ji ko sun gane ba tare da dogon bayani ba.