Shagon gem na kwamfuta zai iya sayar da na waya?

Mai Ƙorafi: Jama'a ku taya ni ji. Gem ɗaya na biya wa kuɗi sau biyu. Na saya a kwamfuta, da na neme shi a waya aka ce sai na sake biya. Me zai hana shagon gem na kwamfuta irin Steam ya haɗa har da ƙananan gem na waya, mutum ya saya sau ɗaya ya huta?

Sarkin Yatsa: Ƙananan? Malam gyara kalamanka. PUBG Mobile ne ƙarami ko Genshin Impact?

Linzami: Ai bai yi ƙarya ba. Abin da kake dangwala da babban yatsa, kana tsaka da bugawa talla ta rufe maka fuska, da wane suna za a kira shi?

Sarkin Yatsa: Mu da babban yatsan muke cinye ku. Kai in an ɗauke ka daga kan kujera shi ke nan.

Injiniya: Ku tsaya. Abin mai yiwuwa ne, Epic, kamfanin da ya yi gem ɗin Fortnite, ta buɗe shagonta na waya a Agustan 2024. A lokacin, a Android ko'ina, a iPhone kuwa sai ƙasashen Tarayyar Turai, don dokarsu ce ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa. Ku tuna rigimar kashi 30 cikin 100 da Apple ke cira daga ciniki ce ta sa aka cire Fortnite daga App Store a 2020. Sannan ƙirar ƙwaƙwalwar waya daban ce da ta yawancin kwamfuta, ta waya ARM, ta kwamfuta x86, dole mai gem ya gina na kowacce daban. Biya sau ɗayan nan ma shi zai yarda ko ya ƙi.

Linzami: Epic? Shagon da sai ya raba gem kyauta duk mako ake leƙa shi? Steam tun 2003 yake.

Ɗan Epic: Tsufa ba gwaninta ba ce. Kashi 12 muke karɓa, ku 30.

Linzami: "Muke"? Kana da hannun jari ne?

Sarkin Yatsa: Ni dai har yanzu ba a janye "ƙananan" ba.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da aka cimma: gem na gaske a kwamfuta yake, Steam ba ya buƙatar kasuwar waya, mai so ga manhajar Steam Link nan ya jawo gem ɗinsa daga kwamfuta zuwa waya. Na rufe.

Injiniya: Ranka ya daɗe, wa ya cimma? Steam Link ɗin ma sai kwamfutar na kunne.

Mai Ƙorafi: Ni kuɗina fa nake magana.